Motar da Takan Tashi Yau, Gobe Ta Ƙi

 A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen iri da taki, za mu yi maganar mota. Dalili kuwa, 'yan'uwa da dama sun kawo mana kuka iri ɗaya, mu kanmu kuma abin ya taɓa mu. Kukan shi ne, mota takan tashi lafiya kwana biyar, ran na shida a murɗa makulli ta yi shiru. A aika a kira makaniki, kafin ya iso ta tashi da kanta, ya tsaya yana dubanka kamar ka yi masa ƙarya.

Motar da ta mutu ɗungum ba ta da wuyar sha'ani, gama kowa ya san ba ta tafiya, ba wanda zai sa mai naƙuda a ciki. Wadda takan yi yau ta ƙi gobe ita ce abin tsoro. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga. Hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo, da wadda ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa, da ta Isa zuwa Shinkafi, ba wuraren da mutum zai so ya tsaya ya buɗe bonet ba ne da la'asar sakaliya. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu, mutane suka ɗanɗana yadda tsayawar mota take sa'ad da ba halin kiran kowa. Ga shi kuma motar nan guda ita ce ke kai albasa kasuwa, ita ce ke kai mara lafiya asibitin koyarwa na Sakkwato, wani lokaci har Galmi a ƙasar Nijar. Saboda haka wannan ciwo ba na a ce "ai takan tashi daga baya" ba ne.

Yawancin ƙananan motocin fasinja da muke gani a tashoshinmu su ne waɗanda ake kira Sharon. Sunanta na ainihi Volkswagen Sharan. An fara ƙera ta a 1995 a garin Palmela na ƙasar Fotugal, kuma a masana'anta ɗaya aka riƙa fitar da ita da Ford Galaxy da Seat Alhambra, shi ya sa kayansu da yawa suke shiga wa juna. Samfurin farko, wanda muka fi sani, an daina shi a 2010. Watau mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 15, wasu kuwa sun doshi 30. Sun gama aikinsu a Turai, suka sauka Kwatano ko Legas, suka zo nan suka fara sabuwar rayuwa cikin zafi da ƙura da ramuka. Akwai kuma Toyota Sienna daga Amurka da tsofaffin Hiace. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka, in akwai bambanci za mu ambata.

Wuta kamar ruwan lambu take

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Rima zai gane wutar mota da sauri. Batir shi ne rijiya, wayoyi su ne tiyo. Amma akwai bambanci guda: ruwan lambu yakan tafi ya tsaya a kwami, wuta kuwa dole ta tafi ta komo. Tana fita ta kan batir mai alamar ƙari, ta yi aikinta, sa'an nan ta komo ta cikin ƙarfen inji da jikin mota zuwa kan da ke da alamar ragi. Akwai waya mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota da batir domin wannan komowa, masu wayarin suna kiranta at. Mutane da yawa ba su san da ita ba, domin tana ɓoye can ƙasa wajen giyabos.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, kayan mota ba su shan wuta daidai wa daida. Ana auna ƙarfin wuta da bolt, yawan wadda ke gudana kuma da amfa. Fitilar cikin mota ba ta cin ko amfa 1. Babbar fitila guda tana cin wajen amfa 5. Kik kuwa, watau injin da ke juya mota ta tashi, yakan ja amfa 100 zuwa 200 a lokaci guda. Tiyon da ya lanƙwashe zai iya cika maka buta, amma ba zai shayar da kadada ba. Haka waya mai tsatsa za ta kunna rediyo da oda sarai, ta kasa juya kik. Don haka maganar nan da direbobi suke yi, "ai ba batir ba ne, ga fitila tana kamawa," ba hujja ba ce ko kaɗan.

Daga nan ne za mu gane dalilin da ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya. Abin da ya ƙone ya ƙone, ba ya warkewa da safe. Abin da yakan yi aiki ya daina ya sāke yi, galibi mahaɗa ce, watau wurin da ƙarfe biyu suke taɓa juna. Zafi yana buɗa ƙarfe, sanyi yana tsuke shi, gargada tana girgiza shi, laima tana sa masa tsatsa. Mahaɗar da ta yi sako-sako za ta kama da safe ta saki da azahar. Shi ya sa muke cewa a irin wannan ciwo a fara neman mahaɗa kafin a nemi kantin kayan gyara.

Yadda ta yi da mu

Motarmu ta aiki, wadda muke kai iri da magani ƙauyuka da ita, Sharon ce mai shan fetur. Da ta fara wannan hali aka ce mana batir ne, muka saya. Ta yi mako biyu lafiya, muka yi godiya. Ta sāke. Aka ce kik ne, aka kwance shi aka canja masa burushi. Ta yi kwana takwas. Ran wata Lahadi, ranar kasuwar Goronyo, mun gama lodi rana ta fara karkata, aka murɗa makulli sai "ƙas" guda ɗaya, shi ke nan. Direbanmu dattijo ne, ya aika aka kira wani saurayi mai wayarin. Yaron ya saurari labarin tun daga farko bai taɓa kome ba, sa'an nan ya ce, "Baba, a ba ni wayar jona batir guda ɗaya." Ya maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗaya bakin a jikin ƙarfen inji, ya ce a murɗa. Mota ta tashi nan take. Ya cire wayar, aka kashe, aka murɗa, ta ƙi. Ya mayar, ta tashi.

Wayar at ce. Daga waje lafiya lau take, amma da ya yanke robar sai ga tagullar ta zama kore, rabin silinta sun tsinke. Kuɗin sabuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batirin da muka saya ba. Abin da ya fi ba mu haushi, wanda kuma muke so ku lura da shi, shi ne dalilin da ya sa kowane gyara ya yi kamar ya yi aiki. Duk wanda ya cire batir ko kik, dole ya motsa wayoyin da ke wurin. Motsin nan yakan sa mahaɗar ta kama na 'yan kwanaki. Mai gyara ya tafi da gaskiyarsa yana tsammani ya gyara, mai mota ya biya da farin ciki, ciwo kuwa yana nan kwance.

A fara da kunne da alƙalami

Tun da ciwon ba ya yarda ya nuna kansa gaban makaniki, aikin farko na direba ne. A ajiye ɗan littafi a mota. Duk ran da ta ƙi, a rubuta: da safe ne ko bayan doguwar tafiya, an yi ruwa ko an ratsa kududdufi, mai nawa ne a tanki, wace fitila ta kama a dashbod, minti nawa aka jira kafin ta yarda. Bayan sau uku ko huɗu sai ka ga hali ya fito. Wadda ke ƙi da sanyin safiya lokacin hunturu tana nuna batir. Wadda ke ƙi sai ta yi zafi tana nuna kik ko rile ko sansa. Wadda ke ƙi da damina kaɗai, ruwa yana shiga wani wuri.

Sa'an nan a kashe rediyo, a sa fasinja su yi shiru, a kunna fitilar rufin mota, a murɗa makulli ana saurare ana kallon fitilar. Mun ce ta rufi domin motocin Volkswagen sukan yanke wa manyan fitilu wuta da gangan sa'ad da kik yake aiki, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ciwo ne.

In aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilar tana kyaftawa, wuta ba ta isa, ko batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. In fitilar ta mutu ɗif da murɗa makulli, ta komo bayan an saki ko an taɓa kan batir, lalle kan batir ne ya yi sako-sako. In aka ji "ƙas" guda mai ƙarfi, inji bai juya ba, to ana tsakanin kik da manyan wayoyi, kamar yadda ta yi mana. In kuwa shiru ne sarai, fitila ba ta ko motsa ba, saƙon makulli ne bai isa kik ba. Akwai kuma na biyar, wanda inji yake juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Wannan wani ciwo ne dabam, za mu zo kansa. Direban da ya iya faɗa wa makaniki wanne ne cikin biyar ɗin nan ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa kansa rabin kuɗi.

Mita

Muna ba kowace ikilisiya ko ƙungiyar manoma da ke da mota shawara ta sayi ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da sola suke amfani da ita. Ana samunta a kasuwar Sakkwato, kuɗinta kuma bai kai na gyara guda na banza ba. A juya ta zuwa lamba 20 a gefen wutar batir, jar waya a kan ƙari, baƙa a kan ragi.

Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, in cikakke ne, zai nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.4 ya ragu amma yana iya aiki. In ya sauko 12.0 saura kaɗan ya ƙare, ko da yake a ido bambancin ƙanƙane ne. Sa'an nan wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 yayin da kik yake juyawa. In mota ta tashi, mita ta hau tsakanin 13.8 da 14.5, wannan ya nuna altaneta, watau injin da ke cajin batir, yana aikinsa. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, ba caji, a duba fambel tukuna kafin a zargi altaneta. In ta haura 15, yana dafa batir.

Amma gwajin da ya fi duka amfani ga wannan ciwo shi ne na neman inda wuta take ɓacewa a hanya, kuma makanikai kaɗan ne suke yinsa. A sa giya a firi, a ja birkin hannu. A ɗora waya guda ta mita a kan dalmar batir ta ragi, ainihin dalmar, ba maƙalar da ke kanta ba, ɗayar kuma a kan ƙarfen inji mai tsabta. A murɗa makulli. In hanyar komowa lafiya take, mita ba za ta wuce 0.3 ba. In ta nuna 1 ko 2 ko fiye, wutar da ya kamata ta juya kik tana ƙarewa a wata mahaɗa. Haka za a yi daga dalmar ƙari zuwa babban notin da ke jikin kik, nan kuma kada ta wuce 0.5. Har tsakanin dalmar batir da maƙalarta ana aunawa, ya kamata a ga kusan sifiri. Sharaɗin gwajin shi ne a yi shi daidai lokacin da ake murɗa makulli, gama tiyon da ba ruwa a ciki ba ya nuna inda yake yoyo. Wanda ba shi da mita yana iya taɓa mahaɗun da hannu bayan an gwada tayarwa sau biyu ko uku. Wadda ta yi ɗumi ita ce mai laifi.

In an samu farin gari ko kore a kan batir, a cire wayar ragi tukuna, kana ta ƙari. Wajen mayarwa, ragi ce ta ƙarshe. A wanke da ruwan kanwa mai ɗumi, gama kanwa tana kashe ƙarfin ruwan batir, amma kada ɗigo ya shiga cikin ramukan batirin. A goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da sifana, a shafa basilin ko giris daga sama. Maƙalar da ta buɗe har ana cusa mata ƙusa ko guntun gwangwani, a canja ta. Kada a sha taba ko a kunna ashana kusa, batir yana fitar da iska mai kama wuta. Batirin kuma a ɗaure shi a mazauninsa, domin wanda yake tsalle a kan hanyar Gatawa ba zai ga shekara biyu ba.

Zafinmu ma yana da nasa laifi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan da ke ciki. Ɓarnar ana yinta da bazara, amma sai sanyin Disamba ya zo take bayyana, shi ya sa mutane suke zargin hunturu. In batirin mai murafu ne, a duba ruwansa kowane wata, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya ko na leda yana kashe shi.

Kik da makulli

In manyan wayoyi sun fita lafiya, "ƙas" guda ɗin kuma yana nan, a sa wani ya riƙe makulli a murɗe, a ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma. In ta tashi, burushin kik sun cinye, ko kuwa tagullar da ke cikin ɗan tulun da ke bisansa ta ƙone. A Sienna da Hiace wannan tagulla ita ce ta fi yawan kawo ciwon. 'Yan guntaye biyu ne da faifai guda, mai wayarin yana iya canja su ba sai an sayi kik ba. Sai dai ƙwanƙwasa gwaji ne da hanyar isa gida. Mun ga direbobi sun mai da ita sana'a, yaron mota yana yawo da guduma wata uku, har ran da kik ya ƙi jin duka a inda bai kamata ba.

In shiru ne sarai, a motar otomatik a matsa giya daga P zuwa N a gwada. In ta tashi, maɓallin da ke gaya wa mota inda giya take ne ya gaji. In ba haka ba, a lura da makulli: a murɗa a hankali, a ɗan jijjiga shi. In fitilun dashbod suna ɗaukewa suna komowa, mazaunin makullin ya cinye daga baya. Tarin makullan gida da na shago da ake rataya masa suna ƙara masa tsufa.

Inji yana juyawa, ya ƙi kamawa

Nan ba ruwan kik. Inji yana bukatar mai da tartsatsi, ƙwaƙwalwar mota kuma ita ce ke ba da izinin duka biyu. A murɗa makulli zuwa inda fitilu suke kamawa, wani ya kasa kunne wajen tanki. A motoci da yawa za a ji famfon mai ya yi gunji na daƙiƙa biyu, a wasu kuwa sai inji ya fara juyawa. In ba a ji kome ba a ranar da ta ƙi, alhali ana ji a ranar lafiya, an kusa kama ɓarawo. Famfon yana zaune cikin tanki, man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 direbobi da yawa suke yawo da lita biyar, su ƙara galan a wurin 'yan bumburutu, famfo yana aiki cikin zafi yana tsotsar dattin gindin tanki. Irin wannan famfo yakan tsaya in ya yi zafi, ya tashi in ya huce.

Kafin a sayi famfo, a duba rile. Rile ɗan akwati ne kamar na ashana, ƙaramar wuta ce take sa shi ya haɗa babba. A Sharon suna jere bayan akwatin fis, ƙarƙashin sitiyari, kowane da lambarsa a bisa kai. Mai lamba 167 na famfon mai ne. Mai lamba 30 a tsofaffi masu fetur, da mai lamba 109 a masu gas, su ne suke ba ƙwaƙwalwar mota wuta. An san su a ko'ina da wannan hali: dalmar da ke cikinsu takan tsage siririyar tsaga, mota ta mutu tana cikin tafiya, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Isa gare su akwai wuya, sai an kwance akwatin, amma kuɗinsu kaɗan ne, mai gyaran rediyo ma yana iya sāke musu dalma. An sha sayen ƙwaƙwalwar mota sukutum saboda wannan ɗan akwati.

Akwai kuma sansar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji yana juyawa. In ta tsufa takan daina magana da zafi, ta komo bayan rabin sa'a. A dubi allurar da ke nuna juyin inji sa'ad da ake murɗa makulli. In ba ta ko motsa ba a ranar ciwo, a tuhumi sansar nan. In kuwa mota takan tashi, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu, a tambaya wane makulli ake amfani da shi. A cikin kan makullin asali akwai ɗan ƙwayar da mota take ganewa, wanda aka yanka a kasuwa ba shi da ita, na asalin ma in ya sha faɗuwa yakan yi gardama. Masu na'urar kwamfuta a Sakkwato da Gusau suna iya karanta abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. A je kafin a cire kan batir, domin a wasu motoci cirewar takan goge labarin. A tuna kuma na'urar unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. In ta ambaci sansa, zai yiwu wayar sansar ce ɓera ya ci, musamman motar da ke kwana kusa da rumbu.

Batirin da ke kwana cike ya tashi wayam

Wani lokaci batir sabo ne, caji yana yi, amma in mota ta kwana biyu sai turi. Wani abu ne yake sha da dare. A kashe kome, a rufe ƙofofi, a cire wayar ragi, a juya mita zuwa amfa 10, a sa ta tsakanin wayar da kan batir, a jira kamar minti 20. Kada a murɗa makulli a wannan hali, mita za ta ƙone. Abin da ya wuce amfa 0.05 ya yi yawa. A riƙa zare fis ɗaya ɗaya har lambar ta faɗi. Sau da yawa abin da aka ƙara wa motar ne: rediyo mai manyan sifiku, ko fitilun ado, ko cajar waya da aka ja kai tsaye daga batir. In an zare fis duka ba ta faɗi ba, altaneta ne yake mayar da wuta baya.

Sharon tana da wurare uku da ya kamata mai ita ya sani. Na ɗaya, robar da wayoyi suke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, da ta ƙofar baya. Buɗewa da rufewa na shekaru yana karya wayoyin a ciki, sai gilashi da makullan ƙofa da fitilun baya su riƙa yin abin da suka ga dama, fis yana ƙonewa ba dalili. Na biyu, ƙarƙashin kujerar gaba, inda wani akwatin wuta da tarin mahaɗu suke. In magudanan ruwa da ke gindin gilashin gaba suka toshe da ƙura da ganye, ruwan sama yakan gangaro nan ya kwanta. A ɗaga shimfiɗar a taɓa bayan ruwan farko na damina. Na uku, a waɗanda aka ƙera daga 2000, akwai ƙaramin akwatin fis kusa da batir inda babbar wayar altaneta take shiga. Bakin wayar yakan saki, ya yi zafi, ya narkar da robar. Wanda ya ji ƙaurin roba ko ya ga wurin ya yi baƙi, ya canja akwatin da wayar tare, gama in akwatin kaɗai aka canja zai sāke narkewa.

Abu biyu muke roƙo a bari. Kada a ɗaure fis da ya ƙone da silin waya ko takardar sigari. Fis an yi shi domin ya mutu a madadin mota, in aka hana shi, wayarin ne zai kama wuta da mutane a ciki. Kada kuma a cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta yana caji. A zamanin Fijo 404 an yi haka an tsira, motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa wannan gwaji yana iya ƙona ta nan take.

Sa'ad da za a kai mota wurin mai wayarin, a tafi da littafin nan, a ce masa, "Malam, ga yadda take yi, don Allah a auna tukuna kafin mu sayi wani abu." A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a karɓi tsohon a ajiye. In ya ce zai yanke waya ya zagaye wani abu, a tambaye shi wace waya ce, a rubuta, domin wanda zai gyara bayansa. Mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ita ce ciwon baɗi, a sa ya yi mata dalma.

Bayan gyara kada a ɗauki hanya nan da nan. A tayar da ita sau goma da sanyi, a zaga gari har ta yi zafi, a kashe, a tayar sau goma kuma, wani yana jijjiga wayoyin batir da na akwatin fis. A cikin motarmu yanzu akwai wayar jona batir, da sifana lamba 10 da 13, da sanfefa, da fis na kowane launi, da rile guda biyu, da tocila. Mun kuma yi wa direbanmu ƙa'ida: ran da ta yi gardama ko sau ɗaya da safe, ba ta wuce Sabon Birni sai an sa mata mita.